Dattijon da yake zagayawa da ɗalibai cikin birnin Kano: kuɗinsa halal ne, amma kar ku kwafi shekarun da yake faɗa

Akwai wani dattijo a cikin birnin Kano da ya mayar da rakiyar ɗalibai sana'a, bashi da ofis bashi da allo a bakin titi, lambarsa ce kawai take yawo daga hannun 'yan ajin ƙarshe na bana zuwa na baɗi, kuma tunda aka fara raba taken furojet 'yan ajin ƙasa damu sun ishe ni da tambayar ko ya cancanci kuɗin da yake karɓa. Amsata eh ya cancanta, amma ba dan abinda yawancin ɗalibai suke zuwa nema a wajensa ba. In tarihi kike so a karanto miki ki rubuta a babi na biyu toh gsky laburare ya fishi kuma laburare kyauta ne. In kuma so kike ki zauna a gaban tsohon da ya shekara hamsin hannunsa cikin ruwan baba na rini ya saki jiki ya gaya miki abinda baya gaya wa masu ɗaukar hoto, nan ne kuɗinki zai yi aiki. Bazan sa sunansa ba tunda bai ce in yi masa talla ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa da ba lallai su yi masa daɗi ba. Baba muke ce masa, shi kuma duk mace 'yata yake ce mata, namiji kuma malam ko da kuwa jikansa ne a haife.

Ni taken da aka bani akan sana'ar rini ne a marinar Ƙofar Mata, yadda take da da yadda ta koma yanzu. Ni ba 'yar cikin gari bace, karatu ne ya kawo ni Kano, iyakacina makaranta da Kantin Kwari da gidan wata gwaggona a waje, dan haka da sufabaiza yace bai yarda da furojet ɗin da aka haɗa daga intanet ba sai ya ga jerin mutanen da aka yi hira dasu da sunansu da shekarunsu da unguwarsu da ranar da aka yi hirar, sai na gane akwai aiki. Mun haɗu da wasu 'yan ajinmu da suma takensu ya shafi cikin birni, ɗaya kan gurasa, ɗaya kan ganuwa da ƙofofi, ɗaya kan dukanci, muka ɗauke shi tare. Wannan shi ne abu na farko da zan baku shawara, kuɗin yini yake karɓa ba kuɗin kai ba, in kun haɗu kowa abinda zai bayar kaɗan ne, in kuma ke kaɗai ce zaki ji a jikinki musamman ga wanda ya riga ya kashe kuɗi a fotokwafi da data. Kuɗin adaidaita sahu ku zaku biya har nasa, abincin rana ma haka duk da baya tambaya, amma ai ba zaki zauna kina cin gurasa dattijo yana kallonki ba. Baya bada rasit, dan haka masu tallafin karatu da ake ce musu su kawo shaidar abinda suka kashe ku san da wannan tun wuri.

Abinda ya fara burge ni shi ne ranar farko bai kai mu ko'ina ba sai wajen masu unguwa. Ni a tunanina ɓata lokaci ne, muna ta zaman zaure ana gaishe gaishe, ina gajiya ina iyali ya karatu, ya sa mun nuna takardar gabatarwa daga sashenmu, ya kuma sa mun sayi goro da ɗan turare tun a hanya. Daga baya ne muka ga amfanin abin, duk inda muka shiga in aka ce su waye waɗannan sai yace baƙin mai unguwa ne ɗalibai ne, shikenan sai kiga fuska ta saki an jawo benci. Wasu 'yan wani sashe da suka je marinar su kaɗai da waya a hannu suna bidiyo tun daga bakin ƙofa, abinda suka samo bai wuce bayanin minti biyar ɗin da ake yi wa kowane baƙo ba, sai kuma tayin su sayi zane. Baƙo makahon gari ne dama, kuma mutanen cikin birni ba wai rowa gare su ba, kawai sun gaji da masu zuwa su ɗauki hoto su tafi ba sallama.

Ya koya mana ƙananan abubuwa da babu wanda ya koya mana a darasin hanyoyin bincike. Kar ki fara da tambayar shekarun mutum, bari sai an gama hira an yi dariya sannan ki tambaya ta gefe, kice Baba zamanin wane sarki aka haife ka, in yace zamanin Abdullahi Bayero kin san tsakanin 1926 ne da 1953, in yace yana saurayi aka naɗa Ado kin san 1963 yake nufi, daga nan sai ki lissafa. Kar ki ajiye waya a gaban mutum ki danna rikodin sai kin nemi izini, kuma kar ki miƙa kuɗi a gaban jama'a kamar kina sayen magana, in zaki yi alheri ki naɗe shi ki bayar a gefe kice ga na goro. Ranar Juma'a kar ku sa rai da aiki bayan hantsi sbd kowa hankalinsa na masallaci kuma titin da ya bi ta gaban Gidan Sarki cika yake yi. Waɗannan abubuwan kaɗai wlh sun biya rabin kuɗin.

Toh marina. Duk wanda ya taɓa jin labarin Ƙofar Mata ya ji cewa tun 1498 ake rini a wurin, wato ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma wannan shi ne abinda kowa zai fara gaya miki. Abinda Baba ya yi mana shi ne ya wuce damu masu tarbar baƙi na bakin ƙofa ya kai ni can ciki wajen wasu dattawa da basa tasowa dan sun ga baƙo. A nan na ga yadda ake haɗa ramin tun daga farko, ana zuba ruwa da toka da katsi da busasshen baba, a barshi ya ruɓa ya yi kwanaki ana motsa shi da doguwar sanda har kumfa ta taso a sama, kuma marini yana gane ramin ya nuna ne da launin kumfar da warinsa ba da wani ma'auni ba. Warin kam sai wanda ya je, ranar farko har cikin hijabina na taho dashi. Abinda ya fi bani mamaki shi ne zanen in aka tsamo shi ba shuɗi yake fitowa ba, kore kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan kina kallo yana juyewa, shi yasa suke tsomawa su ɗaga su tsoma su ɗaga, yawan tsomawar shi ne yake kawo duhun launin, mai haske bai daɗe ba mai duhu sosai ya sha hannu. Na karanta wannan a takarda kafin in je amma ban gane ba sai da na tsuguna a bakin ramin.

Kuma a nan ne na samu abinda ya zama ƙashin bayan babi na huɗu na, wato aikin ba na maza kaɗai bane kamar yadda ake gani a hoto. Ɗaurin da ake yi wa farin yadi da zare kafin a tsoma shi, wanda shi ne yake fitar da zanen in an kwance, yawanci mata ne suke yinsa a cikin gida ana biyansu, su ba'a ganinsu a marina kuma babu mai ɗaukar hotonsu. Bayan rini kuma akwai mabuga, masu zama a ɗaki suna dukan yadi da manyan guduma na itace a kan gungume har ya kwanta ya yi sheƙi, in ana son baƙin nan mai walƙiya a sa shuni a buga. Baba ya kai ni ɗakin bugun, ƙarar ta sa rikodin ɗina na wurin bai yi amfani ba sai abinda na rubuta da hannu, dan haka ku tafi da littafi da biro kar ku dogara da waya. Mabugan ne suka yi min bayanin rawanin nan ɗan Kura da Buzaye suke saye su tafi dashi hamada, wanda shuninsa yake zama a fata, kuma suka ce in ina son ganin asalin wannan aikin sai na je garin Kura. Baba bai kai ni Kura ba, yace shi iyakarsa cikin ganuwa, na so ace yana fita amma na ga gaskiyarsa, bai yi min ƙaryar ya san mutanen da bai sani ba.

Ramuka da yawa a wurin a bushe suke, wasu an rufe wasu shara ta cike su, kuma da na tambayi dalili kowa da abinda yake kamawa. Wani yace atamfa da shadda na waje masu araha da suka cika Kwari, wani yace rinin kemikal wanda ake gamawa a yini ɗaya a cikin diro, wani yace baƙi 'yan yawon buɗe ido sun ragu tun shekarun rashin tsaro, wani kuma yace yaran yanzu basa son hannunsu ya yi shuɗi gara su ja adaidaita. Duk gaskiya ne a ganina, sai dai abin ya girmi Kwari, tun 1897 wani kamfanin Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma tun daga lokacin masu noman baba a duniya suka fara shan wahala. Wannan ba Baba ne ya gaya min ba a laburare na samo, kuma da na gaya masa sai yace toh ashe Jamusawa ne suka cuce mu, muka yi dariya.

Yanzu inda matsalar take. Baba ya san gari amma shekaru da sunayen sarakuna suna cakuɗe masa, kuma baya faɗa da shakka, da ƙarfin gwiwa yake faɗa yana nuni da sanda yadda in baki sani ba zaki rubuta ki ja layi a ƙasa. A wajen ganuwa ya ce wa ɗan ajinmu Rumfa ne ya gina ta gaba ɗaya, alhali abinda yake a rubuce Sarki Gijimasu ne ya fara ta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, Rumfa faɗaɗawa ya yi shekaru ɗaruruwa bayan haka. Ya kuma ce Baturen nan Heinrich Barth ya zo ne zamanin Sarki Alu, alhali Barth ya shigo Kano a 1851 lokacin Usman ɗan Ibrahim Dabo yana kan gado, Alu kuwa shi ne wanda Turawan Ingila suka ci garin a zamaninsa a 1903 yana can ya tafi Sakkwato. Tsakanin abu biyun nan akwai shekara hamsin da ɗoriya. Labarin Barbushe da Tsumburbura kuwa da muka hau Dala ya bamu shi da daɗi sosai, har da murya yake canzawa, amma ya haɗa shi da zuwan Wangarawa kamar a mako ɗaya aka yi, alhali Barbushe ya gabaci Bagauda sarkin Kano na farko, wanda ake sa farkon mulkinsa a 999, Wangarawa kuma sun zo ne zamanin Sarki Yaji wanda ya hau a 1349. In kika kai irin wannan gaban malamai ranar difens ba zasu tambayi waye ya gaya miki ba, ke zasu kama.

Ni ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba, haka ya ji daga manya kuma haka baki yake riƙe labari, yana matse ƙarni uku ya zama zamanin kaka ɗaya. Hasali ma in takenki akan adabin baka ne toh yadda yake bada labarin shi kansa abin nazari ne, ki ɗauka ki rubuta shi a matsayin ruwayar baka da sunansa a jerin waɗanda aka yi hira dasu. Amma kar ki sa shi a inda ake buƙatar shekara. Kuma baya son a gyara masa a gaban mutane, ɗan ajinmu ya gwada a Ƙofar Na'isa sai Baba ya yi shiru ya ƙara sauri, muka yi kusan awa yana amsa mu da eh da a'a. Ki rubuta abinda yace ki yi alama a gefe ki duba in kin koma.

Matsala ta biyu ta fi ta farkon ci min rai, yana amsa tambaya a madadin wanda ake tambaya. Sai ki tambayi marini yaushe ya fara aikin kuma wa ya koya masa, mutumin ya buɗe baki kenan sai Baba yace ai shi gado ya yi tun kakansa, shi kuma marinin sai yace haka ne, shikenan amsa ta mutu. Da na zauna mayar da rikodin zuwa rubutu sai na tarar muryar Baba ta fi ta kowa yawa, ga tsokaci ga karin magana ga gaisawa da masu wucewa. Dabarar da ta yi mana aiki ita ce in ya gabatar dake an zauna sai sauran su ja shi gefe da wata tambaya, ko a ce Baba dan Allah raka wane ya ga kaza, sai ki samu fili. Da aka yi hakan ne wani daga cikin marinan ya gaya min shi ba gado ya yi ba, almajiri ne ya zo karatu daga wani gari yana ɗebo musu ruwa har aka bashi rami, wanda wannan ya rushe abinda na rubuta a babi na ɗaya cewa sana'ar gado ce zalla, kuma sufabaiza ya fi son wannan shafin akan duk sauran.

Haka kuma yana da mutanensa da yake kai kowane ɗalibi wajensu duk shekara, sun saba har sun haddace amsa, kina jin yadda suke jero ta kin san ba yau aka fara ba. In baki ce komai ba wajensu zai tsaya, kuma furojet ɗinki zai fito iri ɗaya da na 'yan bara. Ki ce masa Baba ina son wanda ba'a taɓa hira dashi ba, ko ina son matashi, ko wanda ya bar sana'ar ya koma wani abu, zai yi ɗan gunaguni amma zai nemo, kuma waɗanda suka bar sana'ar su ne suka fi faɗin gaskiya akan kuɗin da ake samu.

Kasuwar Kurmi kam ba dan shi ba da har yanzu muna ciki muna neman hanyar fita. Ita ma tun zamanin Rumfa take, lungunanta wasu mutum biyu basa iya jerawa, ki bi layin masu sirdi da linzami da kayan doki ki faɗa na masu turare da kayan yaji, ki juya ki ga masu littattafan addini da allo da tawada, ga masu ƙwarya da faifai, ga dukawa da jakunkuna da takalma da fatun da aka jeme. Mai binciken dukanci a nan ya samu rabin aikinsa, sauran rabin kuma a majema ta wajen Ƙofar Wambai inda warin ya fi na marina nesa ba kusa ba. Sai dai na lura akwai rumfunan da Baba yake tsayawa ya daɗe yana yaba kayan yana cewa 'yata ba zaki sayi tsaraba ba, inaga akwai ɗan la'adar da yake samu, ban ga laifi sosai ba tunda kowa da hanyar cin abincinsa amma ki sani ba dole bane, kuma farashin farko da za'a gaya miki ki taya ƙasa sosai.

Gidan Makama ya kai mu amma a bakin ƙofa ya tsaya yace ku shiga akwai ma'aikata sun fi ni sanin na ciki, wannan ya ƙara masa daraja a idona. Gidan tun ƙarni na 15 yake, an gina wa Rumfa ne tun yana Makama kafin ya zama sarki, yanzu kuma gidan tarihi ne a hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari da sulke da lifidi da hotunan zamanin shigowar Turawa. Shawarata ku fara da nan kafin ku ɗauki Baba, ku rubuta jerin sarakuna da shekarunsu a bayan littafinku, sannan duk abinda ya faɗa a hanya kuna da abin aunawa. Gidan Ɗan Hausa ma haka, gidan Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, can ba kwa buƙatar jagora ko kaɗan, ku hau adaidaita ku je da kanku ku adana kuɗin yinin.

Wani abu da ba kowa ya sani ba kuma shi ne ya ceci ƙawata mai binciken gurasa, Baba namiji ne ba zai shiga gidan matan aure ba, kuma masu gurasar Jakara a cikin gida suke aikinsu. Sai ya haɗa mu da wata 'yarsa, ita take shiga da ɗalibai mata, kuma wlh a wajen hira ta fi uban iyawa dan ita tana yin shiru. Da asuba ake zuwa in ana son ganin aikin, an kwaɓa fulawa da yis tun dare ta tashi, an hura tanderu ya yi zafi, sai kiga mace ta sa hannu cikin wannan wutar ta manna ƙullun a jikin tanderun ta ciro wanda ya gasu kamar ba komai, kafin rana ta ɗaga masu sari sun zo sun kwashe. Ita ce kuma ta kai ni wajen matan da suke ɗaurin yadi, wanda da ba dan ita ba da babin nan nawa babu muryar mace ko ɗaya. Maza masu irin wannan taken sai dai ku nemi 'yar ajinku ta shiga muku da tambayoyin a rubuce. A nan Jakara muka ci bandashe mafi daɗi da na taɓa ci, gurasar da ɗuminta an yayyafa ruwa an barbaɗa ƙuli da yaji ga man gyaɗa ga albasa da tumatir, wannan ba ya cikin furojet amma ya kamata a rubuta shi a wani wuri.

Ta fannin lokaci kuma sai haƙuri. In yace ƙarfe takwas toh ki sa rai da tara da wani abu, kuma a hanya duk wanda ya gani sai an tsaya, ga ta'aziyya ga barka ga wane ya dawo daga Umara, tafiyar da zata ɗauki minti goma sai ta ci arba'in. Da farko abin yana bani haushi ga rana ga ƙishirwa, amma wannan tsaye tsayen shi ne jarinsa, da baya yi da babu mai buɗe mana ƙofa. Wayarsa ƙarama ce ba ta WhatsApp kuma yawanci a kashe take ko ba caji, ɗansa ake kira. Yana tafiya da ƙafa sosai kuma da sauri duk da shekarunsa, daga Mandawari zuwa Kurmi zuwa Dala ba ya ko haki, dan haka ki sa takalmi mara tsini ki riƙe ruwa da fawa bank, in kuma lokacin damina ne ki san wasu lungunan kwata tana haɗuwa da hanya.

Mai binciken ganuwa shi ne ya fi kowa dawowa da baƙin ciki, ba laifin Baba ba, abinda ya gani ne. Wurare da yawa badalar ta zama tudun ƙasa kawai, wani wuri an ɗebe ƙasar an yi bulo wani wuri an yi gini a kai, ƙofofi da dama kuma an rushe na ƙasar an sake su da siminti dan titi ya samu faɗi. Amfanin Baba a nan shi ne yana tuna yadda wurin yake yana yaro, sai ya tsaya a gaban shago yace nan da kududdufi ne, nan ganuwar ta bi ta wuce ta bayan masallacin can, kuma da aka gwada da tsohuwar taswira sai aka ga a wannan kam bai yi kuskure ba ko kaɗan. Abinda idonsa ya gani yana riƙe dashi daram, abinda ya girme shi ne yake cakuɗewa.

Masu take akan hawan sallah, tunda yanzu ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2024 naga ɗalibai da yawa suna rububinsa, ku sani Baba baya aiki a kwanakin sallah, yace shi ma yana da iyali da baƙi. Abinda zai iya muku shi ne kafin sallah ya kai ku wajen masu ɗinkin kayan doki da masu kula da dawakai a gidajen hakimai, ya kuma bambance muku hawan Daushe da na Nasarawa da na Ɗorayi da na Fanisau da hanyar da kowanne yake bi, amma kar ku ja shi da hirar rigimar sarauta, zai ce muku shi talaka ne ya canza magana.

In maki ne zan bashi bakwai cikin goma, uku ɗin da na cire na shekaru ne da katsalandan a hira da kuma makara. Wanda aka haifa a Yakasai ko Koki ko Alfindiki yana da kawu a kowane lungu baya buƙatarsa, wanda kuma bincikensa na takardu ne zalla shi ma haka. Ku yi ciniki tun kafin a fita ku faɗi unguwannin da kuke so da irin mutanen da kuke nema, kar ku bari shi ya tsara muku dan zai bi hanyar da ya saba ne. In kuna buƙatar 'yar tasa ku faɗa kwana biyu kafin ranar sbd tana koyarwa a islamiyya da yamma, kuma kuɗinta daban ne, a hannunta zaku bata ba a hannun Baba ba.